Tashar Dutsen Wai a Bayan Gidan Yaya Lawal

Tun da na dawo daga Landan bakina bai huta ba. A Islamiyya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai kawo mana itace sai da ya jingine kekensa ya ce, "Maman Ummi, da gaske ne rana ba ta fitowa a can?" Kowa na ba shi guntu, gobe in ji guntun ya yi 'ya'ya a bakin wata. Jiya aka ce wai na ce na ga Sarauniya tana shanya. Ban ce ba. Shi ya sa na sayi littafi mai layi na ce bari in rubuta sau ɗaya tun daga farko. Duk wadda ta tambaya in miƙa mata, ta karanta ta dawo min da shi ba tabon miya.

Baba na raka asibiti. Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya riƙe tashar Dutsen Wai zamanin ɗan ƙaramin jirgin nan da ke tashi daga Zariya ya hau Jos, wanda aka cire layinsa ina 'yar mitsitsiya. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu, sai dai ya bambance haske da duhu. Tun rasuwar Inna kuma ya rufe baki. Ya yi salla, ya ja carbi, in an gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Shekara biyu ban ji dariyarsa ba. Yaya Lawal, babban wanmu, yana aikin haɗa magunguna a wani asibiti a Landan, shi ya yi ta aiko da wasiƙa da kaset har Baba ya ce to, zai je ya ji muryar jikokinsa. Maigida ya ba ni izinin sati shida, ƙanwata ta tare a gidana saboda yara.

Daga Zariya zuwa Kano a tasi muka tafi. Maganar da Baba ya yi a duk hanyar guda ɗaya ce. Mun tsallake layin dogo, mota ta yi gwaram-gwaram, ya ce, "Layin nan ba a kula da shi."

A filin jirgi na Kano ƙofar nan mai ƙara ta yi ta ihu a kan Baba. Aka cire agogo, ta yi ihu. Aka cire makulli, ta yi ihu. Ashe tsohon usur ɗinsa na tasha ne a aljihun 'yar ciki. Na ce, "Baba, me za ka yi da usur a Ingila?" Ya ce, "Uwata, ba ruwanki." Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Jirgin sama kuwa, in ban da bayan gidansa ba ni da ƙorafi. Na danna wani maɓalli, abin ya yi wata irin zuƙa, wallahi na ɗauka ni zai haɗiye. Na fito riƙe da zani ina salati, wata Baturiya tana min murmushi. Abincinsu na duba na duba, ban gane asalin naman ba, na ci burodi na bar musu sauran.

Da muka sauka, mai duba fasfo ya tambayi abin da ya kawo mu. Na tattaro Turancin sakandare na ba shi amsa. Ya tambayi sana'ar Baba. Kafin in buɗe baki sai na ga Baba ya miƙe ƙirji a kan keken da ake tura shi, ya ce, "Station master, retired," da irin Turancin mutanen da, mai guga. Mutumin ya ce masa "sir". A wajen kwastan ne aka yi ta. Wata mata mai safar hannu ta buɗe jakata, ta fito da kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, tana jerawa kamar mai talla. Da ta buɗe gwangwanin daddawa sai ta ja da baya taku biyu. Ta ce abin nan ya lalace ne? Na ce a'a, yanzu ma ya yi daidai. Ta rufe da sauri ta miƙo min. Kilishi da man shanu kam an riƙe, wai doka ta hana. Na ɗan share hawaye, don kilishin na musamman ne na sa aka yi wa Yaya.

Yaya na tsaye a bakin fita da kwat. Yana hango Baba ya zube ƙasa a tsakiyar filin jirgin nan, Turawa na ta kewaye shi da akwatunansu. Baba ya ce, "Mun same ku lafiya?" Iyakarta ke nan. Yaya ɗan fari ne, kun san kunyar mutanen da. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya kama sunansa ba. "Wancan" yake ce masa, ko "mutumin Ingila", kuma ko suna ɗaki ɗaya ta bakina yake aika masa magana.

Muka shiga tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa. Ina shiga na yi sallama na gaida mutanen tarago. Ba wanda ya amsa, kowa ya ƙara cusa kai cikin jarida. Yaya ya raɗa min, "Hadiza, a nan ba a yi." Na ce to Allah ya shirye su. Baba kuwa ya karkatar da kunne yana saurare, can ya ce, "Uwata, gaya wa wancan direban nan yana taka birki da wuri." Daga nan muka canja zuwa jirgin ƙasa na sosai, mai bin doron ƙasa, har Lewisham, unguwar su Yaya.

Gidajen unguwarsu a manne suke da juna kamar haƙora, kowane da 'yar farfajiya a baya. Anti Rabi, matar Yaya, ta tarbe ni da tsiya yadda muka saba: "Ƙanwar miji an iso! Yau tukunyata ta shiga uku." Yaransu mata biyu suna jin Hausa sarai amma da Turanci suke amsawa. In ce, "Kin ci abinci?" a ce, "Yes, Gwaggo." Banɗaki da kafet, jama'a, kafet! Famfo kuma biyu ne, ɗaya ruwan da zai fige kaza, ɗaya ƙanƙara. Alwalata ta farko hannu na ta gudu tsakaninsu kamar mai kaɗa ganga, sai da Anti Rabi ta kawo min buta tana dariya har da riƙe ciki. Kuma ga amsar mai itace: da rani muka je, rana fitowa take ta ƙi komawa, sai ka gaji da jiran magariba.

Abinci ban sha wahala ba. Kasuwar Lewisham har doya da manja akwai, matan Yarabawa na kira na "Hajiya, zo ki saya." Anti Rabi na tuƙa tuwo da garin shinkafa na fakiti. Sau ɗaya aka sayo mana kifi da dankali a nannaɗe cikin takarda, an yayyafa masa wani ruwa mai tsami. Baba ya ɗanɗana ya ce a kai wa wanda ya yi laifi.

Kwana na biyu na zuba tuwo da miyar kuka na kai wa maƙwabci, don ba kyau baƙo ya sauka bai gaida maƙwabta ba. Wani dattijon Bature ne, Mista Harold, tsohon mai raba wasiƙu, matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune. Ya karɓi kwanon da hannu biyu ya tambaye ni a hankali ko rasuwa aka yi. Na ce lafiya lau, tuwo ne kawai. Da yamma ya dawo da kwanon a wanke, fayau, ba ko ƙwayar gyaɗa a ciki. Na ce a raina, bawan Allah, ba wanda ya koya masa.

Ranar Laraba muka je Marylebone wajen likitar ido, wata 'yar Indiya mai sanyin murya. Ta duba ta ce aikin ba wuya, za a fara da idon dama ranar wata Alhamis, sati uku masu zuwa. Amma in ba mu tabbatar musu ba zuwa Litinin ɗin satin, za a soke a ba wani, kuma ba wani gurbi kafin ranar komawarmu. Muna cikin bas Baba ya ce, "Uwata, gaya wa wancan ba za a sa min wuƙa a ido ba. Abin da zan gani a duniya na gani. Wadda nake son gani ba ta cikinta."

Yaya bai iya musu da Baba ba, ni ma haka. Na roƙa, na kawo ayoyi, na ce neman magani sunna ne. Ya ce ya ji. Na koma kan darduma na kai ƙara inda ake kaiwa. In muka koma haka, Baba da duhu ke nan har ƙarshen rayuwarsa.

To, ana cikin wannan na lura da wani abu. Kullum Yaya ya dawo aiki, ya gaida Baba, sai ya sulale zuwa wani ɗan ɗakin katako a ƙarshen farfajiya. Can sai in ga Mista Harold ya ɗaga katako biyu na shinge ya ratso, su rufe ƙofa. Na tambayi Anti Rabi. Ta ce, "Je ki gano abin kunyar gidanmu da idonki."

Na tura ƙofa. Ikon Allah! Wani ƙaton tebur ne ya cinye ɗakin, an shimfiɗa masa layin dogo siriri kamar tsinken tsintsiya, ga kan jirgi bai fi guntun rake ba yana jan tarago uku, yana zagayawa da kansa da lantarki. Manya biyu, ɗaya da furfura, sun sunkuya suna kallo kamar an haifa musu ɗa. Na yi dariya har na zauna a kan gwangwanin fenti.

Yaya ya ce, "Don Allah kada ki gaya wa Baba. Ya ji ina da shekara arba'in da ɗoriya ina wasan yara?"

Na ce, "To ina garin? Jirgi na ta yawo a kan katako tsirara."

Ashe nan ciwon yake. Shekara biyu teburin nan yana haka. Suna da ƙungiya, Yaya ya ce, duk dattawa, kuma sun rabu gida uku kamar masu ɗariƙa. Akwai masu kwaikwayon tashar da ke raye yanzu, su je da kyamara da tef ɗin awo, har bulo suke ƙirgawa. Akwai masu tayar da tashar da ta mutu, su zaɓi zamani guda su tsaya a kansa, ko motar da aka ƙera bayan zamanin ba ta shiga. Sai masu ƙirƙiro ƙasarsu, su raɗa wa garuruwa suna, su rubuta jadawalin jirgin da bai taɓa tashi ba. Mista Harold ɗan gida na biyu ne, mai tsanani kuwa. Shi Yaya ransa na gida na uku: layi yake so daga Lewisham ya zarce Zariya.

Mista Harold ya ce min, "Na gaya masa akwai teku a tsakani. Akwai hamada."

Yaya ya ce, "Teburina ne, in na ga dama in ɗauke tekun."

"In ka ɗauke teku ba jirgin ƙasa kake ginawa ba, mafarki kake."

Na ce su biyun duk Allah ya ba su lafiya.

Ban gaya wa Baba ba, kunnensa ne ya gaya masa. Ranar Asabar da hantsi na fito da shi farfajiya ya sha rana, yana jan carbi, sai ya tsaya. "Uwata, jirgi nake ji." Na ce ai tasha ba nisa. Ya ce, "A'a. Wannan ƙarami ne, kuma yana zagaye wuri ɗaya. Kai ni."

Da muka shiga Yaya ya kashe lantarki ya tsaya kamar ɓarawon da aka kama da akuya. Baba ya miƙa hannu ya lalubi teburin. Ya bi layin da yatsa a hankali tun daga wannan ƙarshe har wancan. Ya ɗauki kan jirgin ya shafa ƙafafunsa yana ƙirgawa.

"Uwata, tambayi wancan wa ya shimfiɗa layin nan."

"Ni ne, Baba."

"Gaya masa kwanar nan ta yi tsini. Da da mutane a ciki da ya kashe su." Ya ajiye kan jirgin. "Wace tasha ce?"

Yaya ya yi ta in-ina yana bayanin gida ukun nan. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Mai rai tana nan, mai son ganinta ya sayi tikiti. Ta ƙirƙira kuwa ba wanda ya taɓa jiran jirgi a cikinta. Wadda aka cire ita ce ba ta da kowa. Dutsen Wai za a yi."

Da na fassara wa Mista Harold sai ya cire tabarau ya goge. Ya tambaya ko akwai hotuna. Baba ya amsa masa da kansa da Turanci, ya ce ba hoto, amma ga wanda ya riƙe ta shekara goma sha ɗaya a zaune. Mutumin nan ya ruga gida ya dawo da littafi da fensir.

Sati biyun da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Baba da ba ya magana, yanzu sai an roƙe shi ya tsaya ya ci abinci. Taku nawa daga ofis zuwa tankin ruwa, ina ake tara itacen inji, ta wane gefe dutsen yake, duk yana faɗa Mista Harold na rubutawa yana lissafin awo. Suka kawo tsakuwa mai ruwan toka, Baba ya ce ƙasar wurin ja ce. Na fasa wata tukunyar fulawa ta Anti Rabi na daka a turminta. Aka zo ciyawa, ta kanti ta yi kore shar kamar ta filin ƙwallo, na ce ku dakata, na ɗauko kukata na barbaɗa a kan gam. Ta yi daidai da ciyawar ƙarshen damina! Kukar da na tsallake kwastan da ita, rabinta a kan tebur ta ƙare. Jinkar ɗakunan leburori da bakin tsintsiya na yi. Anti Rabi ta ce in na taɓa labulenta sai ta kira 'yan sanda.

Mista Harold ya kawo akwatin 'yan mutum-mutumi, Turawa da lema da karnuka. Gabana ya faɗi, don ba na son irinsu a gida. Baba ya shafa ɗaya ya ce ba mai kama da wannan a Dutsen Wai, a yi tashar lokacin da kowa ya watse, ana jiran jirgin yamma. Na ce alhamdu lillahi a zuci.

Abu ɗaya ne Baba ya ce ba mai sa masa hannu: masallaci. Ba gini ba ne, duwatsu ne aka jera aka shafa musu farar ƙasa a gindin mangwaro, da ɗan lanƙwasa a gaba wurin liman. Ya ce na gaskiyar ma shi ya jera da hannunsa. Muka ba shi 'yan fararen tsakuwoyi, ya jera su ɗaya-ɗaya da lalube, gaban masallacin na duban tankin ruwa.

Duk wannan fa maganar asibiti ba ta motsa ba. Na taɓo ta sau biyu, ya ce, "Miƙo min gam."

Ranar Lahadi, gobe wa'adi, na idar da la'asar na shiga ɗakin katakon in share. Ina tsaye sai idona ya faɗa kan masallacin. A gidan Yaya in za mu yi salla kusurwar bishiyar tuffa muke duba, dardumar Anti Rabi mai kamfas ce ta nuna mana. Shi kuwa ɗan masallacin nan shingen Mista Harold yake kallo, ya ba alƙibla gefe, har da ɗan baya-baya. Na fita, na dawo. Na ce ai abin wasa ne. Zuciyata ta ce masallaci dai sunansa masallaci. Na ɗauko ɗan hantsakin cire ƙaya, na ɓamɓare tsakuwoyin nan, na sake jera su suna duban bishiyar tuffa. Kuma ga abin da har yau nake wa istigfari: na ce a raina, ai Baba ba ya gani.

Litinin da safe Yaya bai je aiki ba saboda maganar waya. Muka shiga gaba ɗaya. Baba ya fara zagayensa na kullum da yatsa: ofis, tanki, mangwaro. Yatsan ya tsaya.

"Wa ya taɓa min masallaci?"

Mista Harold ya leƙa ya dafe kai. Yaya ya dube ni. Na durƙusa na ce, "Ni ce, Baba. Alƙibla ta nan take, wajen bishiyar nan. Na kasa barin sa haka."

"A Dutsen Wai alƙibla tana wajen tanki. Shekara goma sha ɗaya ina kallon tankin nan sau biyar a rana. Sallolin nawa ne ba su yi ba?"

"Sun yi, Baba. Amma yanzu a Landan yake."

"A Dutsen Wai yake!"

Mista Harold ya sa baki ya ce tarihi ba a gyara masa zama. Na ce masa da Turancina alƙibla ma ba a gyara mata. Yaya ya ce shi da an bar shi da layinsa na Zariya da duk ba a yi haka ba. Kowa na magana, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Wato don ba na gani. To me kuma kuka canja?"

Muka ce wallahi ba komai.

"Ta ina zan sani? Kun ce ƙasar ja ce, na yarda. Kun ce tankin baƙi ne, na yarda. Uwata ma da ba ta ƙarya ta juya min masallaci a bayan idona." Ya dafa teburin. Ni dai hawaye kawai nake. Can ya juya fuskarsa wajen Yaya, ba wajena ba, ya ce, "Likitar nan, yaushe ta ce?"

"Alhamis, Baba."

"Je ka buga mata waya. Ba za a gina min tasha ina makaho ba."

Yaya ya fita da gudu, takalmi ɗaya ya bari a bakin ƙofa. Ni kuwa ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. A tsakiyar Lewisham! Tagogi uku suka buɗe, wani kare ya kama haushi, Anti Rabi ta fito da muciya a hannu tana tambayar wa ya haihu.

Aka yi aiki ranar Alhamis, Allah ya ba da sa'a. Washegari da aka cire bandeji ni ya fara gani. Ya dube ni ya dube ni, ya ce, "Uwata, ashe kin tsufa." Na ce na gode, Baba. Likita ta ba shi baƙin tabarau da maganin ɗigawa, ta hana shi sunkuyawa, salla ma a zaune da nuni. Ta ce ya yi sati bai shiga wurin ƙura ba, don haka ɗakin katako ya haramta.

Daga kan kujerar falo ya yanke hukunci. Tsakuwoyi su koma duban tanki yadda suke. Sannan tankin shi ya dubi alƙibla. Yaya ya ce teburin a kafe yake da bango, ba ya juyuwa. Mista Harold ya fita da tef, ya zagaya, ya leƙa ƙarƙashi, ya dawo ya ce ɗakin a kan katakai yake zaune, ba a kan siminti ba. In tebur ba ya juyuwa, a juya ɗakin.

Jama'a, Asabar ɗin nan bayan satin likita ya cika! Dattawa huɗu 'yan ƙungiya suka zo da bututun ƙarfe da fulas ɗin shayi. Abokan Yaya biyar na masallaci suka zo da kaftani, suka naɗe hannun riga. Aka ɗaga ɗaki da ƙarfe aka zura bututu a ƙasa. Aka ajiye wa Baba kujera a tsakiyar farfajiya, ga baƙin tabarau, ga koren mayafina a hannu a matsayin tuta. Sai ya zura hannu a aljihun 'yar ciki ya fito da usur. Ya ce haka suke juya kan jirgi a majuyi, ba a turawa sai an ji busa. Ni aka ba dardumar kamfas, na shimfiɗa a kan ciyawa ina duba allura.

Fiiit! Ɗaki ya yi ƙara ya motsa. Fiiit! Wani Bature ya zame ya zauna cikin fulawa, wani ɗalibi ɗan Katsina ya ɗaga shi yana "sannu Baba, sannu." Igiyar shanyar Anti Rabi ta tsinke, zannuwa suka rufe mutum biyu, suka ci gaba da turawa a haka. Ina ta ihu, "Saura kaɗan! Kun wuce! Ku dawo!" Baba na kaɗa mayafi. Da allura ta zauna daidai na ce, "Ya yi!" ya ja wata doguwar busa, Hausawa suka yi kabbara, Turawa suka yi tafi. Sai a sannan aka lura ƙofar ɗakin yanzu cikin wata fulawa mai ƙaya take buɗewa. Anti Rabi ta ce alhakin tukunyarta ne. Aka ci tuwo da miyar kuɓewa, tun da kuka ta zama ciyawa.

Da baƙi suka tafi, Baba ya ce a kai shi. Muka ratsa ƙaya mu huɗu. Ya cire tabarau. Ya daɗe yana kallo, daga dutsen zuwa ofis, daga ofis zuwa mangwaro. Ya ce tankin ya cika baƙi, na gaskiyar ya yi tsatsa ta gefe ɗaya. Mista Harold ya rubuta. Sai idonsa ya tsaya a kan bencin ƙofar ofis.

Wani abu na ajiye a wurin ranar Juma'a. Murfin kwalbar maganin idonsa ne na yi wa fenti fari da 'yan jajayen furanni, ya zama langa. Ba ta cikin abin da Baba ya faɗa. Ni ce na tuna, ko kuma abin da ya rage min ke nan na Dutsen Wai: kullum da azahar Inna za ta ɗora wa Yaya langar tuwon Baba a ka, ni ina biye ina riƙe da rigarsa, mu ajiye a kan bencin nan.

Mista Harold ya yi gyaran murya, ya ce a yi haƙuri, wannan ba ta cikin littafi, ƙari ne, za a cire. Kuma awonta ya ɓaci, a ma'aunin tashar nan mutum zai iya wanka a cikinta.

Baba ya kai yatsa ya taɓa murfin. Kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, har da tari, har na tsorata saboda ɗinkin ido.

"Gaya masa bai san uwarku ba," ya ce. "Haka take zuba tuwo. A bar ta."

Ya share gefen idon da ba a yi wa aiki ba, ya gyara tsayuwa, ya sa usur a baki. Sai kuma ya cire.

"Lawal," ya ce, "saki jirgin."

Yaya ya tsaya da hannu a kan maɓalli kamar bai ji ba. Sai da na taɓa shi. Baba ya busa, jirgin yamma ya shigo Dutsen Wai.

Mun dawo lafiya. Yanzu Baba da ƙafarsa yake zuwa masallaci, ba mai riƙe masa hannu, kuma duk wanda ya tsaya gaishe shi ya shirya jin awon tankin ruwa. Ranar da za mu taso Mista Harold ya dawo min da kwanon tuwo na ƙarshe, na buɗe na tarar da tuffa shida a ciki. Wannan shi ne abin da na gano a Landan. Sarauniya kam ban gan ta ba.